Rumbu na Biyar

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani zamani da ƙasa ta rikice da yaƙi. Kada ku tambaye ni wane yaƙi, kada ku tambaye ni wane gari. Yaƙi dai yaƙi ne, duk inda ya sauka kuka yake bari. Ku matso, ku saurara. Kai Malam da ka jingina da ginshiƙi, in barci ne ya kawo ka, ba ni aron kunnenka kaɗan, in na gama sai ka ci gaba.

Wannan bawan Allah soja ne. E, soja na ce. Na ga wasunku sun yamutsa fuska, don a ganinku mutumin kirki sai mai rawani da dogon carbi. To, Allah ba riga yake dubawa ba.

Sunansa Haladu, ɗan manomi ne, da fartanya a hannu ya tashi. Ya shiga soja yana kurtu, ya sha rana, ya sha tsallen kwaɗo, sannu a hankali har Allah Ya ɗaga shi ya zama hafsa, ana ce masa Kyaftin Haladu. Shekara goma sha tara yana aiki, ba wanda ya taɓa jin ya zagi uwar wani, alhali kun san a bariki zagi kamar gaisuwa ne. Da hannunsa yake wanke kakinsa. In aka yi tafiyar ƙasa, shi ne a baya, yana tallafar wanda ƙafarsa ta kumbura. Abin da ya mallaka a duniya gidan ƙasa ne mai ɗaki uku, da mace ɗaya, da 'ya'ya huɗu.

A ƙarƙashinsa akwai wani tsohon soja, Saje Barau. Ya girmi Kyaftin da shekara goma, ƙato ne, mai murya kamar an buga ganga. Shi Saje Barau bai ɗauki Kyaftin a bakin komai ba. Yakan ce wa na kusa da shi, "Wannan ai da liman aka naɗa shi da ya fi. Hafsan da ba ya tsawa, ina amfaninsa?" Maganar takan koma kunnen Kyaftin, sai ya yi murmushi kawai ya wuce.

Ana nan, bayan kaka, aka tura su su arba'in su tsare wani ƙauye da ke kan tudu, aka kuma umarci mutanen ƙauyen su tashi, don wuta ta matso. Ranar tashi, ana ta ɗaure kaya, mata na kuka, awaki na kuka, sai ga wani tsoho ya zo yana dogara sanda. Shi ne Sarkin Noman garin, sunansa Makau. Ya kama hannun Kyaftin kamar ya kama hannun ɗansa, ya ja shi bayan gari inda rumbuna biyar suke jere. Saje Barau na biye da su.

Tsoho ya ce, "Yallaɓai, ka ga waɗannan huɗun? Ku ci. Mun ba ku halak malak, duniya da lahira. Amma wannan na biyar, iri ne. Irin garin nan ne kaf, kowane gida ya zaɓo manyan zangarniyoyinsa ya kawo, na liƙe bakin da laka."

Kyaftin ya ce, "Baba, me zai hana ku tafi da shi?"

Tsoho ya girgiza kai. Ya ce, "Ɗana, na san mutanena. Inda za mu yunwa ce. Yaro zai yi kuka, uwa ta duba ta ga gero, ta daka. Wa zai ga laifinta? Kafin wata biyu mun cinye. Kuma geron nan ba a samunsa a kasuwa. Ƙasarmu jigawa ce, daminarmu gajera. Shi kwana saba'in yake nuna. In ka kawo irin wani wuri ka shuka a nan, kara zai yi ta yi, ruwa ya ɗauke bai fid da kai ba. Daga kakanninmu muka gaje shi. In ya ƙare, garin nan ya ƙare, ko da yaƙi ko babu."

Kyaftin ya daɗe yana duban rumbun. Ku lura, bai yi saurin amsawa ba, don ya san nauyin abin da ake ɗora masa. Can ya ce, "Baba, na karɓi amana. Allah Ya ba ni ikon riƙewa."

Da tsoho ya juya, Saje Barau ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya ce, "Ikon Allah! Yaƙi aka turo mu ko gadin gero?"

To, jama'a, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wata na farko lafiya, na biyu lafiya, mota tana kawo musu abinci. A wata na uku abokan gaba suka karya gadar da ke bayansu. Mota ta daina zuwa. Suka koma kan rumbunan da aka ba su. Sojoji suka koyi sussuka, suka koyi surfe, ƙarti da bindiga a baya suna daka a turmi. Rumbu na ɗaya ya ƙare. Na biyu ya ƙare. Na uku ya ƙare. Da aka shiga na huɗu Kyaftin ya sa aka rage awo, aka koma ci sau ɗaya a yini. Bazara ta shigo, rana kamar ta sauko ƙasa, na huɗu ma ya ƙare, aka share ƙasansa da tsintsiya.

Sai ganye. Su tafasa yaɗiya, su gwagwiyi goruba, su tsotsi aduwa. Ku da in an makara da abincin rana da rabin sa'a kuke ɗaga wa iyali murya, ku saurara da kyau. Kwana tara mutanen nan suna haka. Mutum biyar suka kwanta da zazzaɓi. Mai gadi ya tsaya a bakin aiki sai ya ga ƙasa tana juyawa. Ga kuma rumbu na biyar a tsaye a gabansu, cike fal, kullum sai sun wuce ta gindinsa.

Ran kwana na goma da hantsi, Saje Barau ya je ya ƙame gaban Kyaftin, ya sara masa, ya ce, "Yallaɓai, a ba ni izini in yi magana."

"Faɗi, Saje."

"Yallaɓai, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaran nan ko bindiga ba sa iya ɗagawa. In aka kawo mana hari yau, kamar kaji za a kama mu. Ga abinci Allah Ya ajiye mana, mu zauna muna kallo? Ko malamai sun ce larura takan halatta abin da aka hana. Tsohon nan ma wa ya san yana raye?"

Kuma ku ji, maganar Saje ba ta banza ba ce. Ba mugu ba ne, yaransa yake ji. Kyaftin ma bai ce masa ƙarya yake yi ba. Cewa ya yi, "Saje, zauna." Suka zauna a kan kututture. Ya ce, "Duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Amma ni ɗan manomi ne. Ina yaro aka yi wata yunwa, na ga ubana ya kwana uku bai ci ba, ga damin iri rataye a kansa. Wanda ya ci hatsi ya ci na bana. Wanda ya ci iri ya ci na baɗi, da na baɗin baɗaɗa, ya ci na jikokin da ba a haifa ba. An turo mu mu tsare garin nan. In muka cinye irinsu, me muka tsare? Bango? Mun yi wa abokan gaba aikinsu ke nan, ba su ɓata harsashi ko ɗaya ba."

Saje ya ce, "To mu mutu?"

Kyaftin ya ce, "A'a. Larura takan zo in ƙofofi sun rufe duka. Mu da sauran ƙofa ɗaya."

Ashe da safiyar nan an yi masa magana ta wayar oba-oba daga babban sansani. An ce abincinsu ya iso mashigin kogi, tafiyar rabin yini daga ƙauyen, amma ba mai iya kawo shi sai an buɗe hanya, wataƙila nan da mako uku. In suna iya zuwa su ɗauka a ka, to. Sai dai hanyar ta bi ta wani kwazazzabo, inda kowa ya san abokan gaba sukan yi kwanton ɓauna.

Da Saje ya ji haka ya miƙe zumbur. Ya ce, "To ni zan je. Hafsa ba ya barin wurinsa ya tafi dakon buhu."

Kyaftin ya ce, "Ni na hana ku geron nan, Saje. Wanda ya rufe wa mutane ƙofa, shi ya kamata ya nemo musu wata. Ba zan riƙe amanata da ran wani ba." Sannan ya rage murya ya ce, "In ban dawo ba, kai ne babba. Ban ɗaure ka ba. In ka ga rai zai fita saboda yunwa, buɗe, rai ya fi gero, laifin yana wuyana. Amma ka tabbata rai ne zai fita, ba haƙuri ne ya ƙare ba."

Washegari bayan sallar asuba ya fita da mutum goma da suka ɗaga hannu da kansu. Saje Barau ya tsaya a bakin gari yana kallonsu har suka ɓace. Yini ya yi bai zauna ba. Ya je nan, ya dawo nan, ya yi wa wannan tsawa, ya yi wa wancan tsawa, ba laifin tsaye ba na zaune. Azahar ta yi, shiru. Ana gab da la'asar sai ya ji ta daga wajen kwazazzabo: ka-ka-ka-kau! Wuta ta ɗauka kamar ana suyar gyaɗa.

Rana ta yi sanyi sai ga su suna hawowa tudu ɗaya bayan ɗaya, kowa da buhu a ka, suna tangaɗi. Saje yana ƙirga kawuna. Na ƙarshe shi ne Kofur Bitrus, wani dogo mai ƙarfi. Shi ba buhu ya ɗauko ba. Kyaftin ne goye a bayansa, jini ya jiƙe su duka biyu.

Bitrus yana haki yana kuka yana ba da labari. Ya ce da aka buɗe musu wuta a kwazazzabo, Oga ya jefar da buhunsa, ya faɗa bayan wani dutse, ya ce kowa ya wuce kada wanda ya ajiye kaya. Shi kaɗai ya tsare bakin hanya yana mai da wuta har na ƙarshensu ya haye. Da ya taso zai biyo su, nan harsashi ya same shi a ciki. "Ya ce in bar shi in ɗauki buhun. Saje, yau na ƙi bin umarni, a hukunta ni."

Aka kwantar da Kyaftin a inuwa. Ya buɗe ido da ƙyar, ya ga Saje durƙushe a kansa. Ya ce, "Mutum nawa suka iso?"

"Duka goma, Yallaɓai."

"Alhamdu lillahi. To a ɗora tukunya, yaran nan sun ji jiki."

Bai ƙara wata maganar duniya ba. Ya yi kalmar shahada, sau biyu a fili, ta uku leɓe ne kawai ya motsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da za a sa shi a kabari da kakinsa, Saje Barau ya sa hannu zai kwance masa bel don a cire bindigar ƙugunsa. Sai ya ga ɓuli huɗu sababbi a jikin fatar bel ɗin, an huda su da ƙusa, ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga rigar, ya ga haƙarƙari a jere. Ya waiwaya ya dubi kuku, mai dafa musu abinci. Kuku ya fashe da kuka ya ce, "Tun ran da aka rage awo, rabonsa a kwanon marasa lafiya yake juyewa. Ya ce in na faɗa wa wani ba ni ba shi." Allahu Akbar! Ƙaton nan da bai taɓa hawaye a gaban kurtu ba ya zauna daɓas a ƙasa, ya rufe fuska da hula. Mutumin da ya raina, ya ce da liman aka naɗa shi, ashe ya fi su duka jin yunwar, kuma a haka ya ɗauki buhu, a haka ya tsare kwazazzabo shi kaɗai.

To, ku saurara, don nan ne jarrabawar take. Buhu tara ne suka iso, baki kusan arba'in, hanya ba ranar buɗewa. Wanda ya hana ya tafi. Da gari ya waye sojoji suka fara gunaguni, wannan karon da ɗacin rai. Suna cewa, "Saboda gero aka kashe mana Oga. Wallahi sai mun ci geron nan mun huce." Suka zo suka kewaye Saje, don sun san tun farko shi ne mai cewa a buɗe.

Saje ya miƙe. Ya ce a kawo tsani. Aka kawo da gudu. Wasu har sun gangaro da turmi. Ya hau, ya ɗaga jinkar rumbun, ga bakin nan liƙe da laka yadda tsoho ya bar shi. Duka ɗaya da gindin bindiga ya isa. Yunwa na cinsa. Zuciyarsa na ce masa, ai Kyaftin ma ya ce in ka ga larura ka buɗe. Sai ya tambayi kansa, tsakaninsa da Allah: rai ne zai fita, ko haƙuri ne ya ƙare? Ya san amsa. Da buhu tara za a wahala, amma ba za a mutu ba.

Yana nan a sama sai iska ta taso daga gabas, mai ƙanshin ruwa. Ya duba jinkar da ke hannunsa, ya ga gara ta cinye gefe guda, har rana na leƙowa. In ruwan fari ya sauka a haka, laka ta jiƙe, iri ya ruɓe.

Ya leƙo ƙasa ya daka tsawa irin tasa: "Me kuke kallo? Ku mai da turmin nan inda kuka ɗauko shi! Kofur Bitrus, ɗauki mutum shida ku yanko min ciyawa. Jinkar nan yoyo za ta yi."

Wani ya buɗe baki zai yi magana, Saje ya ce, "Wanda ke son geron nan, ga kabarin can, ya je ya nemi izini wurin mai shi." Ba wanda ya motsa. Kafin la'asar sojojin da suka zo fasa rumbu sun yi masa sabuwar jinka, sun ɗaure ta tamau.

Kwana ashirin da uku suka ƙara a kan rabin ciki kafin a buɗe hanya. Ba wanda ya mutu. Aka kori abokan gaba daga yankin, mutanen ƙauye suka fara dawowa, a rame, a yage, ruwan shuka kuwa ya sauka kwana biyu kafin isowarsu.

Sarkin Noma Makau yana cikinsu, an ɗoro shi a jaki. Tun a hanya ya ji labarin sojoji sun ci ganye, saboda haka ko wajen rumbunan bai duba ba. Ya ce wa Saje, "Ɗana, kada ka ji kunyata. Na ji abin da ya same ku. Na yafe tun kafin in iso."

Saje ya ce, "Baba, hau ka duba kayanka."

Aka riƙe masa tsani ya hau. Ya ga laka yadda ya shafe ta. Ya fasa, ya zura hannu, ya jawo zangarniya, ya zura ya jawo wata. Ya juyo ya dubi sojojin nan da idanunsu suka faɗa, wuyansu kamar na zakaran da ya sha ruwan sama. Ya sauko. Sai ya ce, "Ina yaron nan da na ba amana?"

Aka kai shi. Ya tsaya a kan kabarin, ya daɗe. Aka ba shi labari tun daga farko. Tsoho ya yi kuka har gemunsa ya jiƙe, ya ce, "Wallahi da na san rai zai ci, da na ce ku cinye."

Saje ya ce, "Ko ka faɗa, Baba, ba zai ci ba. Ya ce ba naka ba ne kai kaɗai."

Washegari gari duka ya fita shuka, sojoji na sara, mata na zuba iri suna rufewa da ƙafa. Ƙauyukan da ke kewaye, waɗanda aka ƙone musu rumbuna da waɗanda yunwa ta sa suka cinye nasu, suka yi ta zuwa da ƙorai, Makau yana ɗiba yana ba su. Daga rumbun nan guda ƙasar ta sake tashi. Kwana saba'in, gero ya nuna. Ku yi tunani, bayin Allah: duk tuwon da aka tuƙa a wannan yanki tun daga shekarar, duk furar da aka dama, duk kunun da aka ba mai jego, akwai ladan mutum ɗaya a ciki, yana kwance a kabarinsa ana aika masa.

Na san wani a cikinku yana cewa a ransa, "Malam, ai wannan ya bar marayu huɗu saboda hatsi." Haka ne, ya bar su, kuma sun yi kuka, kukan maraici ba wasa ba ne. Amma mutuwa ba ta jiran sai ka ci amana ko ka riƙe. Da ya fasa rumbun ma, ranarsa ba za ta ƙara ko sa'a ɗaya ba. Abin da aka bar masa ya zaɓa shi ne halin da za ta same shi a ciki.

To ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Amana ba a gane mai riƙe ta ran da yake ƙoshe. Ran da yake jin yunwa, mai kayan ba ya nan, ba mai ganinsa, kuma ga hujja mai kyau a bakinsa, ran nan ake gane shi. Kuma kada wanda ya ce shi ba soja ba ne, ba a ba shi rumbu ba. An ba ka. Kai da gonar marayun ɗan'uwanka ke hannunka, an ba ka. Kai da aka ɗora a kujera don ka yi wa jama'a aiki, an ba ka. Malamin da iyaye suka miƙa wa 'ya'yansu, direban da mutane suka shiga motarsa suka yi barci, ke da maƙwabciya ta gaya wa sirrinta tana kuka, duk an ba ku. Kowannenmu an ce masa ga huɗu ka ci, ga ɗaya kada ka taɓa. Mu kuwa sai mu bar huɗun, mu sa tsani a na biyar, ko yunwar ba mu fara ji ba, mu ce larura ce.

In hannunka ya kai bakin abin da ba naka ba, tsaya ka tambayi kanka tsakaninka da Allah, kada ka yi wa kanka ƙarya. Mai kayan zai dawo. Ko bai dawo a nan ba, akwai ranar da za a ce maka hau ka buɗe, a gaban kowa.

Allah Ya ji ƙan waɗanda suka kwanta dama suna tsare da amanar mutane. Mu kuma da muka rage, Allah Ya sa ran da za a buɗe namu a same shi yadda aka ba mu. Ku ce amin da ƙarfi, har na waje su ji.